Gurguwa

A Figil ƙafar baya ta fara kuka,
kukan boris da ya gaji da duniya.
Buhu tara na albasar Marwa a bayan Fijo,
rana na dafa min su tun ba a taya ba.

Bakanike ya cire taya, ya tsuguna,
ya dubi uban notin, ya dube ni.
Ya ce sifanar wannan guda ce a garin nan,
an are ta tun kafin azumi,
mai aron kuma ya ƙaura Mundu.
Sai dai a aika Garwa, kwana biyu in an yi sa'a.
Na ce albasa ba ta san kwana biyu ba.

Sai ya nuna min rumfar Njidda da haɓa.

Njidda na cin gyaɗa, bai yi saurin tashi ba.
Idonsa na hagu ja wur kamar gauta,
walda ta daɗe da karɓar rabonta.
Ya aiki yaro sabulun dala ashirin,
ya danna shi a kan notin, ya ɗago,
ga kusurwa shida kwance a cikin sabulu
kamar sawun kaza a laka.

Bayan rumfa akwai tsibin matattu:
bututun famfo, kacar keke, murfin tukunya,
sifirin babbar mota da ya karye a gadar Luti,
da ƙafar gadon asibiti
wadda ban so in tambayi wa ya kwanta a kai ba.
Ya tona da ƙafa kamar mai neman dankali.
Ya yanko bututu tsawon yatsa,
ya gasa, ya ɗora a maƙera,
guduma tana faɗa, sabulu yana shaida.

Daidai nan wuta ta ɗauke.
Muka zauna, ni da shi da ƙudaje.
Ina jin warin asarata yana tasowa daga mota,
shi kuwa ya ci gaba da gyaɗarsa.

Bayan la'asar injin ya yi gurnani.
Ya ɗauki baƙin gilashi ɗaure a kwali,
ya ce, kau da kai.
Ban kau ba. Na ga shuɗin tauraro
yana ɗinke ƙafar gado da bututu,
daren nan na kwana da yashi a ido.

Aka sa ta, aka danna.
Ƙas! Ta rabu biyu a hannun bakanike.
Na buɗe baki, Njidda ya riga ni:
ƙarfe bai yi ƙarya ba, ni na yi gaggawa.
Ya kankare, ya ƙara guntun sifirin a wuya,
ya bi ɗinkin sau uku, a hankali,
ya bar ta ta huce da kanta, ba ruwa.
Ta fito a karkace, mummuna, mai ƙusumbi.
Bakanike ya taka, na taka a bayansa,
notin ya yi tari,
ya yi shiru,
ya juya.

Jaka biyu ya karɓa, da albasa cikin hula.
Ya ce tafi da ita, don motarka aka haife ta.

Shekara tara ke nan.
Fijo ta tafi a kan sikelin masu sayen ƙarfe,
ita tana nan, naɗe a tsohuwar riga.
A tashar Garwa ba ta da lamba,
sai ka ji an ce, wa ke riƙe da Gurguwa?

Bara na tsaya Figil, na kai masa ita.
Ɗansa ke riƙe da wuta yanzu,
shi yana zaune, ido biyun sun tafi.
Ya karɓa, ya auna nauyinta a tafi,
ya bi wuyan da babban yatsa
har ya iso wani ɗan tudu, ya tsaya.
Ya ce, nan ne.
Nan ne na yi gaggawa.